Godiya bayan laccar bankwana

Alhamdulillahi, taro ya tashi lafiya, kuma sai yau gajiya ta sake ni har na samu zama in rubuta wannan godiya.

Abin da ya jawo ni cikin fagen binciken ƙwayoyin halitta shi ne tambayar da Günter Blobel da David Sabatini suka tayar a 1971, wato yadda furotin da aka ƙera cikin ƙwayar halitta yake gane tantanin da ya kamata ya ratsa. Blobel da Bernhard Dobberstein sun nuna a 1975 cewa ɗan gajeren jerin amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) da ke goshin furotin ne yake yi masa jagora, daga baya a datse jerin, aikin da ya kai Blobel ga kyautar Nobel a 1999. Ni kuwa ƙarfina ya ƙare ne a kan mashigar Sec61, wato ƙofar da furotin yake bi ya ratsa tantanin, ina neman dalilin da wasu furotin suke maƙalewa a cikinta.

Babban ma'aikacin ɗakin gwajinmu ya roƙe ni kada in ambace shi, amma ba zan iya yin shiru ba. Daren da firizar da ke riƙe da nau'o'in yistin da muke bincike da su a sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri ta mutu, na iso gabana yana faɗuwa, domin a cikinta aikin shekaru yake, kuma wasu nau'o'in babu kwafinsu a ko'ina. Na tarar ya riga ya kwashe akwatunan zuwa wata firizar, sanyi ya ƙone masa yatsu, bai kuma ce da ni komai ba sai "Farfesa, a zauna a huta." Babu takardar bincike ko ɗaya da ke ɗauke da sunansa. Allah Ya saka masa da mafificin alheri, Ya raya masa zuriya, Ya suturta shi duniya da lahira.

Ina gode wa uwargida bisa haƙurin dararen da na kwana a wurin aiki, da ɗalibaina, Allah Ya buɗa musu abin da ya shige mana duhu. 'Yan'uwan da aka tanadar wa kujeru a sahun gaba ba su samu zuwa ba, ko saƙo ban gani ba, amma na yi musu uzuri. Nau'o'in yistin kuma na danƙa su ga ɗalibata ta ƙarshe, wadda za ta ci gaba da binciken.