Karen da Na Ɗaure a Gindin Dogon Yaro

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan mun sauko daga masallaci, ɗan ƙanwata ya biyo ni har zaure yana miƙo mini wayarsa, yana cewa, "Kawu, don Allah dubi wannan." Bidiyo ne na wani ɗan kwikwiyo fari mai jan tabo a kunne ɗaya, yana tsalle yana cafe ƙwallo tun kafin ta taɓa ƙasa. Ya ce wani mutum ne a Yamai yake sayar da shi jaka 150, ya riga ya tura kuɗin kafin alƙalami, kuma za a sako masa shi a mota cikin kwali, tafiyar da ta haura kilomita 600. Na tambaye shi irin karen, ya ce Jak Rasel ake kiransa. Ban iya ba shi amsa nan take ba, domin tabon kunnen ya tuna mini da wani kare da na binne da hannuna a bayan gida, shekaru 11 ke nan.

A lokacin ina cinikin gero da wake da aya, ina da sito kusa da babbar kasuwa, kuma ɓeraye sun addabe ni har sai da na riƙa ɗinke buhuna kowane mako. Wani Bature da ya yi aiki da wata ƙungiyar agaji a nan Maradi zai koma ƙasarsu, ya rasa wanda zai bar wa karensa, shi ma Jak Rasel, sai direbansa ya kawo mini magana. Idan aka tambaye ni a wancan lokaci dalilin karɓarsa, zan ce saboda ɓeraye ne, kuma ba ƙarya na yi ba. Amma akwai wani dalili da ban faɗa wa kowa ba: ina son a ce a unguwarmu ni kaɗai nake da karen Turawa. Baturen ya zaunar da ni kusan awa guda yana bayani ta bakin direban, ya ce karen yana buƙatar gudu mai tsanani na aƙalla awa guda kullum, ya miƙo mini katin allurarsa, ya nuna mini ranar da za a sabunta ta. Ina kallon ɗan abin da tsayinsa bai wuce santimita 30 ba, nauyinsa kuma kilo 6 ne ko ƙasa da haka, na ce a raina wannan ai tsakar gida ma ta yi masa yawa.

Sai daga baya na nemi sanin asalinsa, lokacin da sanin ba zai amfane shi ba. Wani limamin coci ne a yankin Debon na ƙasar Ingila, Jon Rasel, wanda ya rayu daga 1795 zuwa 1883, ya fara kiwon wannan iri. A shekarar 1819, yana ɗalibi a jami'ar Okusfod, ya sayi wata ƴar karya fara a hannun wani mai tallar madara, daga gare ta kuma aka samo zuriyar. Farautar yanyawa irin ta Turai aka yi su domin ta. Ana son kare ƙarami da zai kutsa cikin rami, mai haushi ba ƙaƙƙautawa har dabbar ta fito, mai juriyar bin mahaya dawaki wuni guda, kuma fari domin kada mafarauci ya ɗauke shi a matsayin abin da ake farauta. Waɗanda suka yi lakwal sun san cewa kalmar teriya, wadda ake kiran dangin waɗannan karnuka da ita, a Faransanci tana nufin ramin da dabba ke haƙawa a ƙasa. Ke nan tonon rami da haushi da bin duk wani ƙaramin abu mai gudu ba rashin tarbiyya ba ne a wurinsa, aikin da aka yi shekara 200 ana zaɓar kakanninsa dominsa ke nan, kuma hali zanen dutse ne.

Dole in yi masa adalci, in kuma yi wa kaina. A makon farko da na kai shi sito ya kashe ɓeraye fiye da yadda tarko ya kama mini a wata guda, har da wata gafiya da ta kusa kai girmansa. Yakan tsaya cak a bakin tarin buhuna, kunnuwa a karkace, ƙafa ɗaya a ɗage, jikinsa yana rawa, sai ka ga ya faɗa tsakanin buhu da bango ya fito da ɓera ya girgiza shi sau biyu ya yar. Ƴan dako sukan bar aiki su zo kallo. Da a ce na bar shi a wannan aiki, na kuma samu yaron da zai riƙa fita da shi bakin Gulbi da asuba, wataƙila da labarin ya zo da wani ƙarshe. Amma sito a rufe yake da dare da ranakun da nake tafiya kasuwannin ƙauye, ni kuma mutum ne mai iyali da bashi da abokan ciniki, ba ni da awa guda ta gudu da kare. Har yanzu ina ganin duk ɗan kasuwar da ke matsayina haka zai ce.

Saboda haka na dawo da shi gida, a nan ne kuma rigima ta fara. Ya tone gindin katanga ya fita sau uku a wata ɗaya. Ya kashe ƴan tsakin uwargida guda 7 a safiya ɗaya, ya jera su bai ci ko ɗaya ba. Ya tsallake dangar da ta kai mini ƙugu ya shiga gidan maƙwabcina ya kashe zabi biyu, ya kuma yaga kunnen ɗan jar akuyarsa, irin jar akuyar Maradi da mutum ke ji da ita. Na biya, na ba da haƙuri, maƙwabcin ya ce ba komai, amma gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. A cikin gida kuwa, gidan Bahaushe komai a ƙasa yake: kwanuka, buta, tabarmar salla, tukunyar da aka sauke. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta gaji da wanke kwano sau bakwai, ta kira ni ta tuna mini hadisin da ya ce wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kowace rana. Na ce mata ai na ɓeraye ne, Inna. Ta ce to ina ɓerayen a tsakar gidanta.

Abin da ya fi muni ya faru ne da wata yarinya ƴar shekara 5 daga maƙwabta, wadda ta ga ya kama ɗan tsako ta sa hannu za ta ƙwace. Ya cije ta a tsintsiyar hannu. Na ɗauko katin allurar da Baturen ya ba ni, sai na ga wa'adin ya wuce da wata 8, ban sabunta ba. Ciwon haukan kare, idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Muka wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, kamar yadda ma'aikatan lafiya ke cewa a yi na minti 15, muka kai ta asibiti aka fara mata allurai, likitan dabbobi kuma ya ce a tsare karen kwana 10 a ga ko zai nuna alama. Bai nuna ba, yarinyar ta warke, yanzu ma an yi mata aure. Amma kwanakin nan 10 ban san daɗin barci ba, kuma ban manta idon mahaifinta a bakin asibiti ba.

Daga ranar na sa masa sarƙa a gindin dogon yaron da ke bayan gida, na gaya wa kaina cewa kare lafiyar ƴaƴan mutane nake yi, kuma ko yau aka tambaye ni zan ce akwai gaskiya a ciki. Ya yi ta haushi dare da rana har muryarsa ta dushe, ya tone ramuka kewaye da itacen iyakar tsawon sarƙar, ya fara tauna ƙafarsa ta gaba har gashin ya zube, kaska kuma ta cika masa kunnuwa. Wata rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Maradi ke haura digiri 40, na tafi Ɗan Isa da sassafe na bar wa yaron gida amanar ruwansa. Karen ya yi ta kewaya itacen har sarƙar ta naɗe ta gajarce, ya kifar da kwanon, inuwa kuma ta juya ta bar shi a kan rairayi mai zafi. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, idan iskar ma wuta ce kuma babu ruwa, ba ya daɗewa. Da la'asar na same shi a kwance, harshe a waje, hannu biyu kacal tsakaninsa da inuwa. Na daɗe ina cewa laifin yaron ne. Ba yaron ne ya karɓi karen ba, ba shi ne kuma ya sayo sarƙar ba. Duk lokacin da malami ya karanta hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, sai in sunkuyar da kai.

Na zauna da niyyar rubuta wa ɗan ƙanwata da tsararrakinsa shawarwari goma a tsare, amma da na zo nan sai na ga ba su kai haka ba. Kada ku saya. Wannan ciniki ne na biri a sama, kun ga bidiyo na daƙiƙa 30 a TikTok, ba ku ga uwar kwikwiyon ba, ba ku ga katin allura ba, ba ku kuma ga sauran awa 23 na ranar mai karen ba. Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu shi ne komai sai kun mayar da shi abin ɗauka a hoto. Yaron da sai an buga masa ƙofa sau uku kafin ya tashi sallar asuba, shi ne zai fita gudun awa guda kafin rana ta yi zafi, kullum, har da watan azumi? Irin wannan kare yana rayuwa shekara 13 zuwa 16. Ɗan ƙanwata yana da shekara 22, bai gama jami'a ba, bai san garin da zai samu aiki ba, bai san ko matar da zai aura za ta yarda da kare ba, kuma ni na san a ƙarshe ƙanwata za a bar wa wahalar.

Idan kun ƙi ji kun saya, to kada ku ɗaure shi, sarƙa kashe shi take yi tun kafin ya mutu. Kuma kada ku sake shi, domin akwai kaji da awaki da ƴaƴan mutane. Na san maganganun nan biyu suna karo da juna, haka na zauna a tsakaninsu shekara biyu ban sami mafita ba, kuma wanda ba shi da fili mai doguwar katanga mai zurfin tushe da lokacin fita da shi safe da yamma, shi ma ba zai samu ba. Allurar haukan kare kuwa tun yana wata 3 ake fara ta, a kuma riƙa sabuntawa a kan lokaci, wannan ba abin da za a yi jayayya a kansa ba ne.

Wanda yake da gona ko garke ko sito mai buƙatar tsaro, ga karnukanmu na gida da mafarauta ke kiwo a ƙauyukan da ke kewaye da mu, sun saba da zafinmu da tuwonmu, kuma sau da yawa kyauta ake ba da kwikwiyo. Ko da yake, in faɗi gaskiya, ban so ma ku ɗauki wannan ba idan dai don ado ne. Ba na cewa Jak Rasel mugun kare ne. Ban taɓa ganin dabba mai kaifin hankali da zuciya kamarsa ba, kuma a hannun manomi mai faɗin fili da ɓeraye a rumbu zai yi amfani ƙwarai.

Da na gama ba ɗan ƙanwata wannan labari a zaure, ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, ai ni ba zan yi masa haka ba." Ni ma haka na ce wa Baturen. Na ce wa ɗan ƙanwata ya zo ƙofar gidana kowace rana bayan sallar asuba, mu taka har bakin Gulbi mu dawo, kwana 30 a jere ba fashi, idan ya cika ni da kaina zan biya ragowar kuɗin. Ya zo ranar Asabar da Lahadi. Yau Laraba, na tsaya a ƙofar gida har rana ta fito.