Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Aka Duba Hotunan Majema

A makon jiya na tsaya a inda malaminmu na ɗaukar hoto ya umarci kowane ɗalibi ya zaɓi sana'a ɗaya daga cikin sana'o'in Maraɗi, ya bi ta da kamara har ya fitar da labarinta cikin hotuna 12. Ni jima na zaɓa, domin garinmu ya yi suna da jar akuya, wadda fatarta ke da daraja a wurin dukawan gida da na waje, amma ba kasafai ake ganin fuskar mutanen da ke tsoma hannu cikin ruwan toka don gyara wannan fata ba.

Ranar duba aiki aka haɗa tebura biyu a tsakiyar aji, na jera hotunana, sauran ɗalibai suka kewaye su. Ƙa'idar Malam ita ce mai aiki ba ya buɗe baki sai kowa ya gama magana, domin a cewarsa ranar da hoto zai shiga duniya, mai shi ba zai bi shi yana yi masa bayani ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ture mafi yawansu gefe guda ya dube ni.

"Ɗana, a ina ka tsaya lokacin da ka ɗauki waɗannan?"

Na ce, "A bakin hanya, Malam, gindin wani dogon yaro."

Ya ce, "Shi ya sa babu fuska ko ɗaya a ciki, sai ƙeyar mutane da gadon bayansu. Wari ya hana ka matsawa, ko kunyar yin sallama?"

Maganar ta soke ni, amma bai bar ni da zafinta kaɗai ba. Ya ɗauki hoton wani dattijo da ke durƙushe yana kankare gashi da wuƙa, ya nuna mini yadda ranar tsaka ta faɗo masa a ka, inuwar malafarsa ta rufe idanunsa, kamarar kuma ta auna hasken farar ƙasar da ke bayansa, sai ta mayar da shi baƙi ƙirin. Ya ce hasken safiya yana zuwa ne daga gefe, yana fito da tamojin hannu da laushin fata, kuma idan dole sai da rana tsaka za a yi aiki, to a auna haske a kan fuskar mutum.

Gyara na biyu ya fi na farko nauyi. Ya ce wanda bai san jima ba, idan ya kalli jerin nan, ba zai gane yadda ɗanyar fata mai gashi ke komawa jar fatar da baduku ke ɗinka takalmi da ita ba. Akwai jiƙo a ruwan toka, akwai kankara, amma ina tsimin bagaruwa, wanda shi ne ainihin abin da ke hana fata ruɓewa? Ina shafa mai, ina rinin karan dafi? Na tara hotuna masu kama da juna na mataki ɗaya, na tsallake tsakiyar aikin gaba ɗaya.

Akwai shawarar da ban karɓa ba, kuma har yau ina kan bakana. Wani abokin karatunmu ya ce in cire launi in mayar da hotunan baƙi da fari, wai sun fi ban tausayi a haka. Da aka ba ni damar magana na ce majema masu sana'a ne da ke ciyar da iyalinsu da guminsu, ban je wurinsu don in nema musu tausayi ba, kuma jan karan dafi shi ne abin alfaharin aikinsu. Malam bai goyi bayan kowa ba. Ya dai kawo mana misalin Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto na Bamako, wanda hotunansa baƙi da fari ne, amma duk wanda ke ciki ya fito da mutuncinsa, domin da yardarsa ya zauna. Ya ba ni mako biyu in sake aikin.

Washegari na koma majema ba tare da kamara ba, na yi sallama, na durƙusa na gaida dattijon nan, na miƙa masa hotonsa. Ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Yaro, wannan ai ba ni ba ne." Na ce, "Baba, shi ya sa na dawo neman izini." Ya tambaye ni ɗan gidan wane ne, na faɗa masa, sai ya ce in zo bayan sallar asuba ranar da za su tsame fatu daga ruwan bagaruwa, in kuma sa tufafin da ba na jin asararsu. Abin da ya faru a wannan safiyar shi zan kawo mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.