TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 7: Yadda na fara yi wa gidan rawar sanda ɗinki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na tsaya a inda na kama ɗan shago a Kubwa da keken Butterfly ɗin da Umma ta bar min. To a shagon nan ne cikin 2018 wata kwastoma ta haɗa ni da Anti, 'yar Jos ce Hausarta tas, tana da gidan motsa jiki na mata zalla a Wuse 2, inda ake koyar da rawar sanda, wato motsa jiki a jikin sandar ƙarfe.

Ranar da na fara zuwa, ina shiga naga sandunan ƙarfe guda shida a kafe daga ƙasa har silin, madubi ya cinye bango guda, ga wata mata da ta kusa haifata ta haye sama ta juya kanta ƙasa da ƙarfin damtsenta kawai, ni dai tsayawa nayi da tef a wuya na kasa cewa komai. Nasan abinda mutanenmu ke ɗauka in an ce rawar sanda, nima shi na ɗauka, shiyasa ban yarda ba sai da na gani da idona cewa namiji baya shiga, mai gadi ma a bakin get yake tsayawa.

Anti ta zaunar dani tace, "Ƙanwata, damuwata ɗaya ce." Wai ƙarfen nan fata yake kamawa, bayan gwiwa, cikin cinya, gefen ciki, shiyasa Turawa ke yi da gajeren wando. Ɗalibanta kuwa da yawa Hajiyoyi ne, sun ce ko a cikin mata 'yan uwansu ba za su buɗe cinya ba, in kuma suka sa dogon wando sai su sulɓo, har wata ta bugu a kafaɗa ta daina zuwa.

Wallahi sati uku ina wannan tunanin. Na zagaye kasuwar Wuse layi-layi har na samu wani yadi mai miƙewa, fuskarsa na sheƙi kamar leda, in ka goga shi a ƙarfe sai ya cije. Ban yi wandon duka dashi ba saboda zafi zai kashe mutum, sai na yanka shi faci-faci na ɗora a daidai wuraren da Anti ta zana min da alli a jikin wandonta. Na farko kam ta ɗaga ƙafa ɗaya kawai muka ji ɓarrr, zare ya tsinke, domin miƙaƙƙen ɗinki baya bin yadi mai roba, sai zigizag, ni kuma kekena baya yi. Ban roƙe ta ba, ita ta kawo kuɗin sabon keke tace in riƙa biya da ɗinki. Ranar da wata Hajiya ta hau da wandona ta saki hannu biyu ta tsaya cak a sama, sai da na fita waje na share hawaye.

Abinda muke faɗa akai kullum shine lokacin hunturu, sai ɗaliban su lafta basilin su zo, ya ɓata ƙarfe ya ɓata min faci.

Da aka kulle Abuja saboda korona ƙarshen Maris 2020 gidan ya rufe, ita kanta ba kuɗin da ke shigo mata, amma ta kira ni tace, "Ƙanwata, ɗinka takunkumi, ni zan nemo masu saye." Da kuɗin nan na biya hayar shago a shekarar. Shiyasa in wani yace min ke da hijabinki me ya kai ki irin wurin nan, raina ɓaci yake, domin bai san matar ba.

Shekara biyar ba mu taɓa sa-in-sa akan kuɗi ba sai da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota daga Kubwa ya tashi, yadi ya tashi, na tura mata sabon farashi a WhatsApp, ta karanta, kwana huɗu shiru. Abinda ya faru a na biyar sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.