Sonatar da na yanke wa hukunci ban saurara ba

A shekarata ta ƙarshe ta karatun tarihin kiɗan Turai aka ba ni aiki a kan Ethel Smyth, mai tsara kiɗa 'yar Ingila da aka haifa a 1858. Tun kafin in fara na riga na gama: kiɗan ƙuruciyarta inuwar Brahms ce kawai, wato Johannes Brahms, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus. Haka na karanta, haka na kwafa, har da ja wa jimlar layi.

Malamina ya karanta, ya cire tabarau. "Ka ji sonatar da kunnenka?"

"A'a, Malam."

Bai ƙara cewa komai ba, ya miƙo mini takardata.

Sonatar goge da piyano yake nufi (sonata dogon kiɗa ne mai kashi-kashi), ta 7 a jerin ayyukanta, wadda aka kaɗa a Gewandhaus, zauren kiɗa na birnin Leipzig a Jamus, a 1887. Shekara goma ke nan da zuwanta garin, bayan ta sha daga da mahaifinta, janar ɗin soja, kafin ya bar ta ta tafi. Makarantar kiɗan ba ta gamsar da ita ba, sai ta koma ɗaukar darasi wurin Heinrich von Herzogenberg, aminin Brahms. To wanda ya tashi a wannan gida, harshen wa zai ɗauko?

Na kwana uku ina saurare, takardar kiɗan a cinyata. Ƙamshin Brahms yana nan, ba musu. Amma a kashi na uku, wanda ta ɗora wa ishara zuwa baitin Dante, mawaƙin Italiya, kan tuna daɗi a cikin baƙin ciki, gogen yana jan numfashi yadda sai da na dakatar na sake daga farko. Ban ji mai kwaikwayo ba, na ji wadda ta san abin da take son faɗa.

Abin da ya fi ba ni kunya ya zo daga baya. Masu sukar 1887 sun ce sonatar ba ta da taushi irin na mata. Ni kuma, bayan shekara fiye da ɗari, na ce ta yi kama da namiji. Mudu ɗaya muka auna ta da shi. Samarin zamanin da suka bi sawun Brahms kuwa almajirai nake kiran su, ita kaɗai na kira mai kwafa. Ba mamaki a 1890, da aka kaɗa wani kiɗanta, serenad, a zauren Crystal Palace na Landan, E. M. Smyth aka rubuta, sunan da bai nuna mace ce ba.

Na goge jimlar nan mai layi. Shafi huɗu suka maye gurbinta, Malam kuma ya ce in rage biyu.