Godiya ga waɗanda suka fito gayyar yashe magudanan ruwa a Wudil

Assalamu alaikum. A madadin masu shagunan layinmu da ke gefen kasuwar Wudil, muna miƙa godiya ga duk wanda ya fito aikin gayya ranar Asabar, washegarin cin kasuwa. Allah ya saka da alheri.

Godiya ta farko ga iyayenmu dattawan layi, da suka hana matasa farawa daga sama. Magudana daga ƙasa ake soma yashe ta, wajen da ruwa ke gangarawa kogi, a riƙa haurowa. In an faro daga sama, taɓon da aka motsa sai ya tafi ya cushe bakin kwalbati, ruwan ya juyo cikin shaguna. Abin da aka fi zaƙulowa ledar ruwa ce da robobin lemo, sai yashin da ya danƙare a kansu har shebur ba ta shiga sai an sa diga.

'Yan'uwanmu na Utai, Indabo da Lajawa, ku kuka kammala aikin. Kun baro gona a daidai lokacin sharar ta, kun zo da amalanken shanu kun kwashe tulin ƙasar kafin la'asar. Wannan shi ne gurbin da gayya ta saba lalacewa: a tara ƙasa a bakin lambatu a watse, ruwan farko ya mayar da ita inda ta fito. An tsince ledar, ƙasar kuma an cike kwazazzabon bayan layi da ita.

Masu kayan gini sun ba da aron baro, shebur da manjagara. Mai kemis ya wanke wa yaran da kwalba ta yanka, bai karɓi ko sisi ba. Iyayenmu mata sun aiko da kunu da ƙosai, 'yan garuwa kuma ba su bar mu da ƙishi ba.

Roƙonmu ga masu hatsi da siminti: a ɗora buhuna kan katako, aƙalla taƙi ɗaya daga ƙasa, kada a jingina su da bango. Mai ƙofa a gangare ya jera buhunan yashi hawa biyu.

Saura kwalbatin da ke kallon hanyar gada. Asabar mai zuwa bayan sallar asuba, in sha Allah. Mai takalmin roba ya zo da shi.