Asabar: sifikokina sun dawo gida

Tun da hunturun bana ya kama, sifikar hagu ta fara wani kakari duk lokacin da ganga ta buga. Da na cire ragar gabanta sai na tarar soson nan da ya zagaye bakin kwalin, wato faifan takardar da ke motsi ya fitar da sauti, ya ruɓe, ana taɓa shi yana marmashewa a yatsa. Ta dama ma ta ɗauki hanya. A farkon mako na kai su wajen gyara, yau kuma aka ce in je in ɗauka.

Ƙanena ne ya zo da motarsa bayan mun karya, don akwatunan ba na shiga keke ba ne. Hazo ya rufe duwatsu, sanyin Jos kuwa har cikin ƙashi. Muka bi titin Bauchi muka faɗa cunkoson Taminus. Tun gobarar babbar kasuwa ta 2002 'yan kasuwa suka bazu gefen tituna, ranar Asabar sai mai haƙuri.

Mai gyaran dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Shagonsa ƙarami ne, warin dalma da gam ya cika shi. Bai bar ni na ɗauka na tafi ba, sai da ya zaunar da ni ya nuna min aikin. Ya kankare tsohon gam tas, ya sa sabon soso, kuma kafin gam ya kama ya cusa 'yan siraran takardu tsakanin naɗin waya da maganaɗisu don kwalin ya zauna daidai tsakiya. Ya ce in an yi kuskuren kauri ɗaya na farce a nan, wayar za ta riƙa gogar ƙarfe har ta ƙone. Ya sa yatsu huɗu ya danna kwalin a hankali, ya ce in kasa kunne. Ya shiga ya fito ba ƙarar guga ko kaɗan. Sannan ya ɗauko batirin tocila mai bolt 1.5 ya taɓa wayoyin: kwalin ya yi tsalle waje. Ya ce, "Malam, ka ga wannan ce ja, wannan baƙa. In ka juya ɗaya a gida, wannan na turawa waccan na ja, bes ɗinka, wato sauti mai kauri irin na ganga, ya gudu, ka dawo ka ce Baba bai iya aiki ba." Mita ta nuna om 6 da 'yan kai a kowacce (om shi ne ma'aunin turjiyar da waya ke yi wa wuta), ya ce haka mai om 8 take nunawa in lafiyarta ƙalau.

Muna cikin haka ƙanena ya leƙa shagon maƙwabta, ya dawo idonsa na ƙyalli. Wai ya ga wata sifika sabuwa fil, fitilu na wal-wal, an rubuta wat 5,000 ɓaro-ɓaro a kwalinta. "Yaya, don Allah ka sayar da tsofaffin nan ka huta. Taka fa wat 40 ce kawai." Na ce mu je mu gani tare. Kusa da 5,000 ɗin an sa PMPO da ƙananan baƙaƙe. Muka juya bayanta, inda aka rubuta abin da take sha daga soket, bai kai wat 100 ba. Na tambaye shi ta yaya abin da ya sha ƙasa da ɗari zai yi ta aman dubu biyar. PMPO lissafin talla ne, babu ma'auni ɗaya da aka yarda da shi a kansa. Wat 40 ɗin amfilifayata, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi ta tura wa sifikoki, RMS ne, wato abin da kowane ɓangare, hagu da dama, ke iya bayarwa a dore ba tare da sauti ya dagule ba. Ko da ma lambar gaskiya ce, ninka wat sau biyu desibel 3 kaɗai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarfin sauti. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sai an ninka wat kusan sau goma. A falo irin nawa, da wat ɗaya ko biyu ma hira ta fara wuya. Baba yana jin mu daga bakin ƙofa, ya ce, "Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Ni ba na ƙin sabon kaya. Akwai sababbi masu kyau ƙwarai, kuɗinsu ne ya fi ƙarfina. Abin da ke ɓata min rai shi ne a yaudari yaro mai ɗan albashinsa da lamba, ya kai kwalin roba gida, bayan 'yan watanni ya lalace kuma ba mai iya buɗe shi. Irin su Sansui da Pioneer da Kenwood da iyayenmu suka saya a shekarun 1970 da 1980 har yau ana kwance su a gyara, a mayar.

Kafin mu tafi Baba ya nuna wa ƙanena wani tari a lungu, duk amfilifayoyin gwanjo ne da tiransifomarsu ta ƙone. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Mutum ya sayo kaya, zumuɗi ya hana shi duba bayansa, ya soka a bango, sai hayaƙi. Wasu suna da maɓallin sauya bolt a baya, wasu sai an haɗa su da tiransifoma mai rage wuta. Ya ƙara da abin da ya shafi masu faifai: wutarmu tana juyi 50 a daƙiƙa, ta Amurka 60, don haka garmahon da motarsa ke bin juyin wuta, in na can ne, a nan zai yi nawa da kashi ɗaya cikin shida, muryar mawaƙi ta yi kauri ta ja ƙafa. Rage bolt ba ya maganin wannan.

Babban aikin a gida yake. Uwargida ta fi son su a kusurwa, a ƙasa, inda ba sa tare hanya, kuma tana da gaskiyarta, falon na kowa ne. Sai dai kusurwa tana kumbura bes har ya danne murya. Na roƙe ta ta ba ni yammacin yau kawai. Muka jawo su kamar taku biyu daga bango, muka ɗora kowacce a kan ƙaramin benci har ƙaramar sifikar sama ta yi daidai da kunnen wanda ke zaune. Na sa tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa kujerata, na ɗan karkato fuskokinsu ciki. Ƙanena ya shimfiɗa kafet a kan tayil, muka sauke labule. Maɓallin ƙara yana ƙarass-ƙarass saboda ƙurar hunturu, na fesa masa ruwan wanke maɓalli na yi ta murzawa har ya yi shiru.

Faifan CD na kiɗan kalangu na fara sakawa. Murya ta tsaya cak a tsakiyar bango, inda babu sifika. Ana jin yadda makaɗi ke matse tsarkiya a hammata, sautin ya hau, ya sake ta ya sauko, kuma 'yan amshi suna can baya kaɗan, ba a cakuɗe da shi ba. Uwargida ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya. Ta ce, "Maigida, su zauna a nan ɗin. Amma wayoyin nan a ɓoye su, kuma ranar da za a yi baƙi a mayar da su bango." Na amince nan take, na sa 'yar alama a tayil don in gane wurin.

Ƙanena ya jona wayarsa ya sa wata waƙa da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya. Shi da kansa ya yamutsa fuska: kugen da ke ciki ya koma shuu kawai. CD tana ɗauke da bayanan sauti har kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 ɗin da aka fi yawo da shi kuwa 128, kuma duk sake matse shi da aka yi sai an ƙara zubar da wani abu. Sifika mai kyau ba ta rufa wa irin wannan asiri. Ya yi shiru, can ya tambaye ni nawa Baba zai haɗa masa ƙaramar amfilifaya da sifikoki biyu na gwanjo.

Na kashe da aka kira magariba. Muna dawowa daga masallaci aka ɗauke wuta. Da na kunna a kan inbata sai tiransifomar amfilifaya ta kama ƙugi, zzzz, har ta sifika ana ji. Inbatar tawa irin mai araha ce, wutarta a yanke-yanke take fita, ba sumul kamar ta layi ba, kuma tana sa tiransifoma zafi. Na kashe, ba zan yi kasada da ita ba. Kuɗin da na fara tarawa don sabuwar amfilifaya yanzu na san inda za su: inbata mai wuta sumul, da sitabilaiza ta kirki.

Gobe ƙanena zai biya gidan Hajiya a Unguwar Rogo ya ɗauko min kwalin kasa-kasan marigayi Abba. Bel ɗin na'urar kaset ɗina ya saki, Baba ya ce in kai masa ita ranar Talata da safe kafin shago ya cika, kuma in zo da kaset ɗaya da na san sautinsa sosai don mu gwada gudunta da shi.