Kafin bututun gas ya ƙetare iyaka: wasiƙa ga mutanen Bauchi da Gombe

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne na Bauchi da Gombe, musamman jama'ar Alkaleri da Akko. Gaisuwa ce daga Italiya, da fatan kowa yana lafiya tare da iyali.

Tun da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani a Nuwamban 2022, ake ta raɗe-raɗin cewa iskar gas ɗin yankinmu za ta bi ta Kano da Nijar har Turai. Bututun gas ne sana'armu, shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani. Binne ƙarfe a ƙasa shi ne ɓangare mai sauƙi. Abin da ke sa gas ya gudana ko ya tsaya cak, takardun da ƙasashe suka sa wa hannu ne.

Bututun gas na AKK, wato Ajaokuta-Kaduna-Kano, mai faɗin inci 40, ya tashi daga Ajaokuta, ya bi ta Abuja da Kaduna zuwa Kano, kilomita 614. Bai taɓa Bauchi ba, bai taɓa Gombe ba. Daga Kano ake son zarcewa da bututun Sahara, ya ratsa Nijar zuwa Hassi R'Mel a Aljeriya, tsawonsa duka tun daga Warri a kudu sama da kilomita 4,000, da niyyar ɗaukar kubik mita biliyan 30 a shekara. An sa hannu kan yarjejeniyarsa a Abuja tun 2009, aka sake zama a Aljiyas a 2022. To a yi lissafi: gas ɗin da aka sanar a Kolmani kubik ƙafa biliyan 500 ne, wajen kubik mita biliyan 14 ke nan. Da za a ɗura shi duka a bututun Sahara, ba zai kai wata shida ba. A ganinmu, wannan gas na amfanin gida ne.

Duk da haka dokar ƙetare iyaka ta shafe mu, don ita za ta nuna ko gas ɗin kudu zai tsaya a arewa ko kuwa wucewa kawai zai yi. Takardun hawa uku ne. Akwai yarjejeniya tsakanin gwamnatoci, wadda a ciki ƙasar da aka ratsa ke alƙawarin ba za ta tare gas ba ko da an yi saɓani. Akwai wadda kowace gwamnati ke yi da kamfanin bututu kan fili da haraji da tsaro. Ta uku ita ce kwangilar dako tsakanin mai gas da mai bututu, kuma a cikinta rigima ta fi kwanciya.

Tushen rigimar awo ne. Kamar dai cinikin hatsi a kasuwa, sai an daidaita kan mudun wa za a auna. A kowace iyaka ana gina tashar awo mai layuka biyu ko fiye, don in ana gyaran mita ɗaya wata na aiki. Mitocin zamani sauti suke harbawa cikin gas su gane saurin tafiyarsa, a gefe kuma wata na'ura tana ɗiban samfuri duk 'yan mintoci tana tantance sinadaran da ke ciki, domin ƙarfin zafin gas ake saye, ba yawansa kawai ba. Dole a rubuta a wane zafi da wane matsi ake ƙirga kubik mita ɗaya, tunda gas yana kumbura yana tsukewa. Kuskuren rabin kashi ɗaya cikin ɗari a bututu irin na Sahara, kubik mita miliyan 150 ne a shekara. Saboda haka ake rubuta wa zai gwada mita, sau nawa, a gaban wakilin wa, da lissafin da za a bi ranar da mitar ta mutu.

Sannan bututun kansa yana cin gas. Matsin da ke ciki yakan kai bar 70 zuwa 100, wato wajen ninki 70 zuwa 100 na matsin iskar da muke shaƙa, yana raguwa a hanya, don haka duk bayan kilomita 100 zuwa 200 sai an kafa tashar kwamfuresa ta sake tura shi. Galibin injinan nan da gas ɗin da suke turawa suke aiki. Wa zai biya wannan kason? Tambayar kamar ƙarama, amma tana cikin abin da ya haɗa Rasha da Yukiren a Janairun 2009, lokacin da gas ɗin Rasha ke bi ta Yukiren zuwa Turai. Rasha ta ce ana ɗibar mata gas, Yukiren ta ce na tafiyar da injina ne. Aka rufe bawul kusan mako biyu a tsakiyar hunturu, mutanen Bulgeriya da Sulobakiya da ba ruwansu da faɗan suka sha sanyi, sai da Tarayyar Turai ta tura masu sa ido tashoshin awo.

Ingancin gas ma sharaɗi ne. In an bar danshi a ciki, ruwa da gas sukan daskare a ƙarƙashin matsi su zama kamar ƙanƙara su toshe bawul. In akwai iskar kibiritu tare da ruwa, ƙarfe ya dinga ci daga ciki. Mai bututu na da ikon ƙin karɓar gas ɗin da ya saɓa ƙa'ida. Kuma kullum mai gas yana aika takardar adadin da zai zuba gobe da inda za a cire. A nan Turai ranar gas na farawa ƙarfe 6 na safe, wanda ya cire fiye da abin da ya zuba kuwa tara ce a kansa.

Ƙasar da aka ratsa fa, me take samu? Wata kuɗi take karɓa, wata gas. Tunisiya na samun kashi 5.25 cikin ɗari na gas ɗin Aljeriya da ke bi ta cikinta zuwa tsibirin Sisili na nan Italiya, bututun da ke aiki tun 1983. Maroko ta riƙa samun wajen kashi 7 daga wanda ke zuwa Sifen. Da kwangilar ta ƙare ranar 31 ga Oktoban 2021 ana tsaka da gaba tsakanin Maroko da Aljeriya, Aljeriya ta ƙi sabuntawa, don ta riga ta shimfiɗa wani bututun, Medgaz, ta ƙarƙashin teku kai tsaye zuwa Sifen. Tashoshin wutar Maroko biyu suka tsaya, sai a 2022 aka juya bututun ya riƙa kawo gas daga Sifen. Akwai kuma sharaɗin da bankuna ba sa ba da rance sai da shi: mai gas ya biya kuɗin dako ko ya tura ko bai tura ba. Haka kwangilar Rasha da Yukiren ta 2019 take, kubik mita biliyan 65 a 2020, sai 40 kowace shekara, har ta ƙare ranar 1 ga Janairun 2025.

Ba sai an je nesa ba. Bututun Afirka ta Yamma, kilomita 678 daga Legas zuwa Takoradi, yana da yarjejeniyar ƙasashe huɗu ta 2003, da kamfani ɗaya mai gudanarwa, WAPCo, da hukuma ɗaya mai sa ido wadda ofishinta ke Abuja. Tsarin ya yi kyau a takarda. Amma a Agustan 2012 angar jirgin ruwa ta fasa shi a gaɓar Lome, gas ya tsaya kusan shekara, Gana ta faɗa ƙarancin wuta. A 2015 kuma bashin da aka biyo ɓangaren Gana ya kai ga barazanar yanke gas. A maƙwabtanmu na arewa, bututun ɗanyen man Nijar zuwa gaɓar Jamhuriyar Benin ya sha tangarɗa a 2024 saboda rufe iyaka. Mu ma mun yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin Yulin 2023. Duk mai son zuba jari a bututun Sahara ya rubuta wannan ya ajiye, kuma zai nemi a sa kotun sulhu ta wata ƙasa a cikin kwangila.

Ga abin da muke roƙon 'yan majalisarmu da masu martaba su riƙa tambaya. Ina aka tanadi bakin reshe a jikin AKK da zai iya miƙowa arewa maso gabas? Barin bakin reshe da bawul ɗinsa tun ana gini ya fi arha nesa ba kusa ba, a kan huda bututu yana cike da gas. Sannan reshe ba ya biyan kansa sai da babban mai saye da zai sa hannu na shekaru masu yawa: tashar wuta, kamfanin taki irin wanda aka ambata a shirin Kolmani, ko masana'anta kamar simintin Ashaka da ke ƙona kwal ɗin Maiganga. A kuma nemi hukumar NMDPRA, mai kula da dakon mai da gas a Najeriya, ta bayyana kuɗin shiga da fita a ƙarƙashin ƙa'idar dakon gas ta 2020, wadda ta ba kowane mai lasisi damar amfani da bututu, don kada gas ɗin fitarwa ya cinye gurbin na gida.

Ga manoma da makiyaya kuwa, ranar da masu safiyo suka zo kafa turaku, a tabbata an auna faɗin filin da za a ɗauka a gaban mai gona da dagaci, an ƙirga itatuwa da amfanin da ke kai, an karɓi kwafin takarda kafin a taɓa kuɗin diyya. A kan layin bututu ba a gini, ba a haƙa rijiya, ba a dasa bishiya mai dogon saiwa. A kuma sani, dokar man fetur ta 2021 da ta ware wa al'ummomin da ake haƙa a yankinsu kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aiki, ita ce ta ce in an fasa kayan aiki a yankin, daga kason al'umma za a cire kuɗin gyara.

Wassalam.

'Yan'uwanku ma'aikatan bututun gas, 'yan Bauchi da Gombe mazauna Italiya.